Ranar da Na Sha Ruwan Wanke-wanke a Guangzhou

Ɗan ƙanwata ta ciki ɗaya ne ya mayar da ni abin dariya a China, kuma har in koma ga Mahaliccina ba na jin wannan rana za ta fita daga raina.

Lokacin na daɗe ina zuwa Guangzhou saro kaya. A Kano kowa ya san ni da cika baki, wai na san garin nan kamar tafin hannuna. Gaskiyar magana kuwa, abin da na sani bai wuce kasuwar Canaan ba, sai masaukina a Huanshi Lu, sai ɗakin wata mata 'yar Ghana da ke mana tuwo. Yarensu ma kalma biyu na riƙe: lawban, wato maigida, da meyo, wato babu. Da su nake ciniki, da su nake faɗa.

Shi yaron yana jami'a a nan garin, a unguwar Tianhe. Wata Asabar ya same ni ya ce, "Kawu, kullum kai daga wando sai riga. Zo yau in nuna maka gari." Wallahi sai na ji daɗi. Na ɗauko shaddata mai aiki, na kafa hula, na bi shi kamar rago.

Muka fara da wani tsohon gida na kakannin wata zuri'a, rufinsa cike da mutum-mutumi ƙanana. Na ce masa wannan ai gida ne na tara ƙura, wa zai share? Ya yi dariya, ya ɗaga waya ya saita ni. Daga nan muka shiga gidan zane-zane. Na ga takarda doguwa, an ɗan shafa dutse a gefe, ga wani mutum a kwale-kwale, sauran duk fari fat. Na ce mai zanen nan tawada ce ta ƙare masa. Ya sake ɗaga waya. Ni a wautata na ɗauka hoton tarihi yake mana, har gyara hula nake yi.

Amma akwai abin da ya tsayar da ni. Wani ɗinkin siliki ne na hannu, tsuntsu a kan reshe, gaba da baya duk fuska, babu ƙulli ko ɗaya. Ni na san zare, a cikinsa na tashi. Na daɗe a tsaye ina kallo, na tuna mahaifinmu da allurarsa. Sai kuma hali ya motsa, na tambayi matar da ke gadi nawa ne dozin. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Meyo."

Azahar ta yi, muka shiga wani gidan abinci na Musulmin ƙasar. Na nemi lungu na yi salla. Da na dawo ƙishirwa ta gama cin maƙogwarona, sai na tarar da babban kwano a tsakiyar tebur, cike da ruwan shayi mai ɗumi. Ashe al'adar garin ce, kafin a ci abinci sai a ɗauraye kofi da kwano da tsinken cin abinci da shayi, a juye a babban kwanon. Ni ina zan sani? Gidan tuwo ba a yin haka. Na yi bismilla, na ɗauka da hannu biyu kamar ƙwaryar fura, na kafa kai. Sai da na kusa gani ƙasansa na ji mai kawo abinci ta taho a guje tana "Lawban! Lawban!" Wani tsoho a teburin gefe ya ƙware don dariya. Na juya wajen ɗana, waya na sama.

Duk da haka na shanye abin a raina, na ce kuskure ne, kowa na yi. Har da yamma muka zaga bakin kogi, na ce masa Allah ya yi albarka.

Washegari ina shiga Canaan wani abokina ɗan Kumasi ya tare ni da robar da ake wanke mofar goge ƙasa, ya rusuna ya ce, "Alhaji, an dafa maka, ko a ƙara sukari?" Layin gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Ashe bidiyo yaron yake ɗauka, ya haɗa komai, tawada, dozin, kwano, ya sa kiɗa, ya rubuta "Kawu masanin China", ya tura zauren dangi na waya. Daga can wani ya jefa zauren 'yan kasuwa. Kafin la'asar matata ta kira daga Kano tana tambaya ko cikina lafiya. Har yau akwai masu ce mini Alhaji Ɗauraya, wasu ma ba su san dalili ba.

Ranar na hau jirgin ƙasa ni kaɗai zuwa Tianhe. Na ɓata, na dawo, na sake ɓata, masanin China ke nan. Na same shi a ƙofar makaranta, ya fara, "Kawu, wasa ne fa, wallahi ban zaci..."

Na ce, "Rufe mini baki. Ruwan da na sha bai dame ni ba, na sha wanda ya fi shi datti a duniya. Jahilcina kuma nawa ne, ban ɓoye ba. Amma kana zaune ka ga na miƙa hannu. Kalma ɗaya ta isa, Kawu ajiye. Ka zaɓi ka gyara waya. Wanda ka ɗauka ka kai inda bai sani ba, kai ne idonsa, ko da ya girme ka. Kilishin da uwarka ke aiko ni da shi zan ci gaba da kawowa, don ita ƙanwata ce. Zan bar maka a wajen mai gadi."