Zanen Goyon da Na Turara

Ni dattijuwa ce daga wani ƙauye kusa da Filingue. A wancan zamani babu macen da ake jin maganarta kan sha'anin jarirai kamata, domin duk gidan da aka haihu ni ake kira wankan jariri. Babban abin alfaharina shi ne ba a taɓa jin zarni a goyon gidana ba.

Wata damina, jikanyata da ba ta kai yaye ba ta kama zazzaɓi. Aka kai ta asibiti, aka ɗibi jini, aka ce ba na sauro ba ne, amma a komo da ita idan bai sauka ba. Ni kuwa na yanke hukunci cewa haƙora ne. Surukata, uwar yarinyar, ta durƙusa gabana, ta kira ni Inna cikin ladabi, ta ce yarinyar tana ƙwalla ƙara duk sa'ad da za ta yi fitsari, kuma warin zanen goyonta ya sauya. Na ce mata ƙazantarta ce, na tambaye ta ko ita za ta koya mini reno. Na karɓe zannuwan, na wanke da hannuna, ina turara su da turaren wuta safe da yamma, don kada maƙwabta su ji su yi da ni.

Ranar kasuwa, ina goye da yarinyar, na ji ta sandare a bayana. Da na kwanto ta, idanunta sun juye. Daga asibitin Filingue aka tura mu Yamai. Likita ya auna fitsarinta, ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara, ta hau har ƙoda. Sannan ya tambaya ko babu wanda ya ji fitsarin ya sauya wari. Surukata ta sunkuyar da kai don ta rufa mini asiri. Ni kuwa ina tsaye, zanen da ke kafaɗata yana tashin ƙamshi. Sai na zauna a ƙasa, na ce masa ni ce na ji, ni ce na rufe.

Allah ya raya ta, amma har yau ana duba ƙodarta. 'Yan'uwana tsofaffi, jariri ba ya da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Idan zazzaɓi ya ƙi sauka, a nemi a auna fitsari, kuma a saurari uwar ko da yarinya ce. Ni dai tun ranar ban sake kunna turare a ɗakina ba.