Wayar Ɗakin Inna

Ni ba mutumin rubutu ba ne. Lakwal ɗin da na yi, wato boko, bai wuce in karanta allon hanya ba, sauran rayuwata a cikin kamyo, babbar motar kaya, na yi ta, tsakanin Gaya da Kotonu. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, in ban fitar da shi ba zan zagi wani a gidanmu.

Muna yara, kakarmu ta wajen uba banda take yi. Masunta su kawo mata kifi daga bakin gulbi, ta gyara, ta jera bisa ragar tanderun laka da ke bayan gida. Wutar banda ba ta son a ba ta baya. In ta yi harshe kifi ya ƙone, in ta mutu ya ruɓe. Don haka bayan isha'i Kaka na nan zaune da sandar tona wuta da ƙwaryar ruwa, mu kuma mun zagaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, sauro na cin ƙafafunmu. Ba ladabi ke zaunar da mu ba, kan kifin da ya karye muke jira. Ta san haka sarai, shi ya sa ba ta ba kowa sai ta gama tatsuniya.

Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga ta nan ta fito gulbi da laka a ƙafa." Mu amsa, "Ta wanke ta shigo." Wanda ya yi shiru sai ta zungure shi da sanda: "Kai, ɗan nema, bakin naka na aro ne?"

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wata tsohuwa ce da 'ya'ya maza uku da lambun albasa nesa da ruwa. Mijinta kafin ya rasu ya taɓa fitar da ɗan dorina daga rami, sai uwar dorinar ta sa haƙori ta ja masa hanyar ruwa tun daga gulbi har lambun. Hanya ɗaya, mai zurfi. Nan suke aiki duka, nan suke ci. Da yaran suka yi gemu, babban ya ce shi rake yake so, ya fasa gefen hanyar ya ja ruwa gonarsa. Na biyu ya ce shinkafa, ya fasa. Autan ya ce tattasai, ya fasa. Kaka kan zana abin cikin toka da sandarta, tana cewa, "Ruwa na tafiya, ƙasa na sha. Na tafiya, ƙasa na sha." Abin da ke isa lambun tsohuwa bai fi fitsarin akuya ba. Albasarta ta kwanta. Kuma duk wanda aka tambaya cikin 'ya'yan sai ya ce, ai ruwa na zuwa wajen tsohuwa, a gabana ya wuce. Rannan dorina ta fito ta ga abin da aka yi wa aikinta. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta take bakin hanyar, ta koma ruwa. Rake ya bushe, shinkafa ta bushe, tattasai ya bushe.

Mu dorina muke so. "Kaka, ta cinye su?"

"Dorina ba ta cin mutum, wawa. Tattake shi take."

Na taɓa ce mata, "To tsohuwar fa?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Sai yanzu ka tuna da ita?" Ta miƙo mini kan kifi, ta rufe da abin da ta saba: "Ta koma gulbi, wanda ya bi ta ya jiƙe."

Kaka ta daɗe a ƙasa, tanderun ma ya rushe. Yanzu Inna, mahaifiyarmu, ita ce tsohuwar gida, gwiwoyinta sun ƙi, daga ɗaki zuwa tsakar gida tafiya ce a wurinta. Mu uku ne maza: ni babba, sai Hamidu mai butikin atamfa, sai Idi ɗan kabu-kabu. Kowa da iyalinsa, gida ɗaya.

Tele ɗaya muke da ita, ƙarƙashin rumfa, antan ɗinta, wato eriya, bisa dogon ƙarfe da aka ɗaure jikin iccen bedi. Wanda bai zauna Gaya ba ba zai gane ba: antan a garin nan ƙasa uku yake kamawa. Ka juya shi wajen gada, ga Benin. Ka juya gabas, ga Najeriya. Ka maido shi, ga tashar ƙasarmu. Kullum da yamma faɗa ne. Hamidu balo, wato ƙwallo, yake so, Idi fim yake so, wani na riƙe da ƙarfe yana murɗawa, ana yi masa ihu, "Tsaya nan! A'a, koma kaɗan! Ka ɓata!" Inna na bisa tabarmarta, ita ce alƙali. In lokacin kokawa ya zo kuwa, wanda ya taɓa ƙarfen nan zai ji sunan da ba a raɗa masa ba.

Sai na yi wata tafiya da ta ƙi ƙarewa, kamyo ya lalace mini a hanya. Da na dawo na tarar da rumfa ba kowa sai moton kabu-kabun Idi da akuya. Ashe Hamidu da Idi kowannensu ya sayi tele tasa. Idi ya sayo wani ɗan ƙarfe a kasuwar Malanville, bai kai akwatin ashana biyu ba, bakin shiga ɗaya, na fita uku. Suka ɗaura shi ƙasan antan. Waya ɗaya ɗakin Hamidu, ɗaya ɗakin Idi, ta ukun ɗakin Inna, inda suka kai mata tsohuwar telen, wai don ta huta da fitowa.

Ɗakin Inna shi ne can ƙurya, bayan madafa. Sabuwar waya ta ƙare musu a rabin hanya. Suka tsinto guntaye suka murɗe bakinsu da hannu, suka naɗe da baƙar leda, suka bi da ita bisa katanga, rana na duka, ruwa na shiga. Abin da antan ya kamo an riga an kasa shi uku, sannan kason Inna ya bi wannan hanyar.

Na yi sallama na shiga gaishe ta. Tana zaune ta tasa tele gaba. Ba komai ciki sai yashi, fari da baƙi, yana shuuu.

Na ce, "Inna, mi kike kallo?"

Ta ce, "An ce kokawa ake. Wani lokaci ina jin ganga."

Ban ma aje jakata ba. Na fita tsakar gida na kira su da sunansu, yadda ban yi ba tun suna yara. Hamidu ya fito yana gyara hula.

"Yaya, lafiya? Daga zuwa?"

"Kun ga abin da uwarku ke kallo?"

"Ai waya ta kai ɗakinta. Ni da kaina na ja ta."

Wallahi da ya faɗi haka sai da na ji warin banda a hancina. Idi ya sa baki, "Yaya, ba laifin kowa ba ne, abin ne ba ya da ƙarfi. Akwai ampli mai ƙara ƙarfi da ake sawa, in na samu sarari zan sayo."

"Kana da sararin kai mutum Tunuga ka dawo, ba ka da na uwarka? Cikinku wa ya taɓa shiga ya zauna ya ga abin da ke fitowa?"

Hamidu ya dubi Idi. Idi ya dubi akuya.

Na hau bedin nan da tsufana, na fizge ɗan ƙarfen na wurga shi bayan katanga. Na sayo waya sabuwa, doguwa, ba haɗi ko ɗaya, daga antan kai tsaye har ɗakin Inna. Na juya antan wajen tamu, na kira mai walda ya liƙe ƙarfen kada ya sake motsi. Na ce musu, "Wanda ke son kallo, ga ɗakin uwarsa." Hoto ya fito tas, har zufar 'yan kokawa kana gani. Na ce a raina, gobe ɗakin nan zai cika.

Bai cika ba. Kafin in sake lodi, faranti biyu na parabol sun hau rufi, ɗaya bisa ɗakin Hamidu, ɗaya bisa na Idi. Jikokin da ke ɗan leƙa ta da can ma suka daina, tunda wajen ubanninsu tasha ta fi yawa. Ana gaishe ta da safe daga bakin ƙofa, a aiko mata tuwo. Ba wanda zai ce an yi mata laifi. Wannan ne ke ƙona mini rai.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar Kaka ta dorina ce, ta mai ƙarfi da ke zuwa ya hukunta marasa kunya. Sai a bisa hanya, ni kaɗai da sitiyari, na lura da abin da ba ta taɓa faɗa ba: ran da dorina ta toshe hanyar, ɗan digon da ke isa lambun tsohuwa ma ya ɗauke. Kaka ba ta ce yaran sun koma wajen uwarsu ba. Mu ne muka ɗauka sun koma, don hankalinmu na kan kifi.

Da na dawo daga wannan tafiyar na shiga wajen Inna bayan magariba. Tele na kunne, hoto garau, ita kuma ta ba shi gefe.

"Inna, ko ta sake lalacewa ne?"

"Lafiyarta lau. Kashe ta, ka zauna."

"Ba kokawa ake ba?"

"Da can ma ba ita nike kallo ba sosai. Ku nike kallo kuna faɗa bisa ƙarfe."

Na kashe, na zauna bakin gadonta. Ta bayan bango ana jin fim daga ɗakin Idi. Can sai ihu ya tashi daga ɗakin Hamidu, shi da yaransa, har da buga ƙofa. Inna ta karkata kai, ta kasa kunne.

"Hamidu ne wancan," in ji ta. "'Yan balonsa sun ci."

Ta yi murmushi. Ni ban yi ba.