Ranar Hutun da Na Samo

A shekarun nan na hamsin, kafin mulkin kai, ina ɗinki a shagon kawuna a Tudun Wada. Mu bakwai ne a kan keken ɗinki, duk magidanta, muna ɗinka kayan 'yan makaranta na kwantiragi. Na takwas ɗinmu wani tsoho ne daga Tudun Jukun, wanda kowa ke ce wa Baba. Shi ya koya wa Kawu ɗinki tun Kawu bai iya riƙe almakashi ba, amma a lokacin da nake magana idonsa ya yi rauni, ba ya hawa keke. A bakin ƙofa yake zama kan tabarma yana ɗinka maɓalli, idan ya yi ƙoƙari ya gama riga goma a wuni. Ko zare ba ya iya zurawa. Kullum da safe Kawu da kansa yake zura masa allura biyar, ya soke su a jikin wani ƙyalle, ya ajiye masa.

Ba mu da ranar hutu. Daga hantsi har isha'i muke taka keke, ran Juma'a ma masallaci kawai za mu je mu dawo. Ƙafata ta dama ta kumbura, baya kuwa ba a magana. A gefe guda, tuwon rana daga gidan Kawu yake fitowa, kuma duk wanda aka yi wa haihuwa, Kawu ne mai rago. Shi a ganinsa wannan ya wadatar. Ni ban ga haka ba, kuma har yau ban gani ba, don rago ba ya sauke kumburin ƙafa.

Ni kaɗai na yi elemantare a shagon, kuma kaina yana rawa da wannan ɗan boko. Na ji ma'aikatan jirgin ƙasa suna hirar gyaran da ake yi wa dokar ƙwadago, wai an ƙayyade awoyin aiki, kuma ma'aikaci yana da rana guda ta hutu. Na sami Kawu da maganar.

"Nan ba kamfani ba ne," in ji shi. "Idan na rufe rana guda a mako, aikin makarantar nan wani za a ba. Sai ku huta gaba ɗaya."

Na ɗauka tsoratarwa ce. Na zauna na rubuta takarda zuwa ofishin ƙwadago, da Turancina mai ɗingishi, ban shawarci kowa ba.

Bayan 'yan makonni sai ga wani jami'i a kan keke, mutum mai ladabi, ya gaida Kawu har ƙasa. Ya duba shagon, ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce tunda aikin kwantiragi muke yi, dole a tashi da la'asar sakaliya, a huta rana guda, kuma duk mai aiki a shagon a rubuta sunansa, a ba shi cikakken albashi. Ya juya ya nuna Baba.

"Wannan dattijon fa, yana aiki a nan?"

Da na yi shiru, da Kawu ya ce baƙo ne mai zuwa hira. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce ƙwarai kuwa, ya fi shekara talatin yana aiki, kuma shi ya fi kowa cancanta. Ina ganin gata nake yi masa. Jami'in ya rubuta, ya yi sallama ya tafi.

Kawu bai yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya ce hutu ya yarda, ya zaɓa mana Juma'a. Amma aiki ya ragu da rana guda, ba zai iya ɗaukar albashin tela cikakke a kan riga goma ba, kuma ba zai yi wa hukuma ƙarya ba tunda an riga an rubuta.

"Kai ka rubuto takarda," in ji shi. "Kai za ka gaya wa Baba ya daina zuwa."

Na gaya masa, ina tsugune a gefen tabarmarsa, ina ta kame-kame. Baba ya saurara har na gama, ya naɗe tabarma ya saɓa. Kawu ya ci gaba da aika masa tuwo da abin cefane har Tudun Jukun, wannan bai yanke ba ko sau ɗaya. Da ma ba don abinci Baba yake zuwa shago ba. Kwana uku a jere ina ganin Kawu ya zura allura biyar da safe, sai ya tuna, ya mayar da su cikin gwangwani.

Juma'ar farko da muka huta na yi barci har rana ta take, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Bayan an sauko masallaci na karɓi kwanon tuwon na kai wa Baba da kaina. Na tarar da shi a zaure, ya ɗaga allura saitin hasken ƙofa yana ta lalube da zare, wata tsohuwar rigarsa a kan cinya. Ya ji muryata, ya miƙo mini. Na zura masa.

"Na ji ka samo mana hutu," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Nawa hutun ne dai ya yi yawa."