Audugar da haske ya cinye

A shagon Tajudeen mai gyaran talabijin a Funtua nake ganinsa: wani dogon mutum, gemu ya fara furfura, fenti ya bushe a faratansa. Bai kawo gyara ba. Yana tsaye ne kawai, hula a hannu, yana jiran shirin manoma na Kaduna.

Ana fara shirin sai ga hoto fari fat, kamar an watsa wa gilashin koko.

"Ka gani ko, Oga Taju?" in ji shi. "Haka ya fito jiya a gidan maƙwabcina. Ni na zana wa masu shirin hoton audugar nan da hannuna. Yau duk garinmu Mahuta dariya ake mini, wai bango na zana."

Tajudeen ko ɗagowa bai yi ba. Yana murɗa maɓallin haske yana ragewa, yana ƙara na baƙi. A hankali ganye na fitowa, sai reshe, sai auduga a buɗe, har da ɗan ƙwaro a gefe.

"Halin mutanenmu ke nan, Malam. Sai su ƙure haske, wai talabijin mai kyau sai ta haska ɗaki kamar fitila."

Mutumin na sauke ajiyar zuciya. Ina jin tun jiya abinci bai wuce masa ba. Wataƙila har ya fara zargin idanunsa.

Yana kafa hularsa a gaban goshi.

"Nuna mini wanda ka murɗa. Wallahi gida-gida zan bi."