Ranar da Malam Lawan Ya Keta Danja

Malam Lawan Bakatsine ne, amma a tashar Kawo ya yi furfura. Tun yana saurayi yake jan tasi, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Direbobi na ce masa Hawainiya, don har mai keke yakan wuce shi. Bai gina gida ba, bai sayi gona ba. Abin da ya tara a duniya shi ne ba a taɓa kama shi da laifin hanya ba.

Bayan sadakar arba'in ta matarsa Harira, saƙo ya shigo wayarsa. 'Yarsa Rahmatu ta karanta masa: wai kyamara ta ɗauki motarsa ta keta danja a Doka, an ci shi tara.

"Hawainiya da keta danja?" in ji Sama'ila kamasho. "Yau kunkuru ya yi fiffike!"

Bai yi dariya ba. Ya sa wankakkiyar riga, ya tafi ofishin masu kula da hanya, ya zauna a benci har aka kira shi.

"'Yata, na'urarku ta yi mini ƙazafi," ya ce wa ma'aikaciyar. "Ba tarar ce ta dame ni ba. Sunana nake so a wanke."

"Baba, matso ka gani da idonka."

Ta juyo masa kwamfuta. Motarsa ce. Ga shi riƙe da sitiyari, ga Harira a gefensa, kanta a kafaɗarsa. Ranar da numfashinta ya sarƙe ce, ya ruga da ita asibiti, bai ma san ya wuce wata danja ba. Tun aurensu kunya ba ta taɓa barinta ta zauna gaba ba, kullum baya, kamar fasinja. Hotonta kuwa ba shi da ko ɗaya, don ko a bikin Rahmatu mayafi ta ja ta rufe fuska.

Da ya ba ma'aikaciyar labarin, ta yi masa ta'aziyya.

"Kawo takardar asibiti, Baba, a yafe, a goge komai."

"Har hoton?"

"Har shi. Wanda ya amsa laifi kaɗai ake buga wa a jikin takardar tara."

Ya daɗe yana kallon Harira.

"To rubuta, 'yata. Ni ne."

Har yau yana lodi a Kawo. In Sama'ila ya tsokane shi da mai keta danja, sai ya ce, "Na keta," ya shafa aljihun rigarsa, inda takardar tarar take.