Tsaka Mai Guntun Wutsiya a Littafin Maƙera

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bu Sumirah, ranar Laraba tara ga Rajab, bayan la'asar, labarin rasuwarki ya iske ni ina shara a maƙabartar Kotagede. Ni ne Kasiran. Ban yi makaranta ba. Surukata ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Bara masu kula da maƙabarta suka ce za su ba wasu kabarin nan marar suna na gindin tsamiya, sai in an kawo shaidar mai shi. Na ce na kakana ne, Paimin maƙerin azurfa. Aka ce tsufa ke damuna. Ke kaɗai, tsohuwar malamar makaranta mai iya karanta rubutun mutanen da, kika ja ni gidan ƙungiyar maƙera, muka buɗe littattafansu.

Wata biyu muna nema, babu Paimin. Kika ce, "Mbah," yadda ake kiran tsoho a nan, "wannan sunansa ne na yarinta. A nan sunan da mutum ya ɗauka ranar aurensa ake rubutawa."

Na ce, "Kakata Paimin take ce masa."

"Kanka ya fi uwar maƙera tauri. To matso, ka duba da kanka."

Ashe kowane maƙeri yakan shafa wa hatiminsa baƙin tukunya, ya buga gefen sunansa. Ke kina bin baƙaƙe, ni ina bin hatimai. Can sai na ga tsaka mai guntun wutsiya, wadda na tashi ina gani a gindin battar azurfar da kakana ya ƙera wa kakata. Na miƙe har na kifar miki da shayi. Kika karanta abin da ke gefen hatimin: Karto Pawiro, ɗan ƙungiya shekara talatin da ɗaya, an binne shi gindin tsamiya, kabari na uku. Kika yi dariya, kika ce, "Yau jahili ya riga malama karatu."

An bar mana kabarin. Jiya aka kafa dutsen, da sunayensa biyu da tsakarsa. Kwana shida kacal kika rasa ki gani.

Ina yi wa mijinki Pak Darmo da 'ya'yanki ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Sha'aban na tafe, lokacin sharar kaburbura. Bana biyu zan share, kuma naki zan fara.