Deli Tela da Duwatsun Inna Masi

Ƙanena Deli tela ne, kuma tun da ya tafi Marwa ya zauna a kan keken ɗinki, babu abin da ya sake motsi a jikinsa sai tafin ƙafa. Da yana yaro a ƙauyenmu, nan bayan Mogode, akuya ba ta fi shi hawan dutse ba. Amma da ya dawo bayan rasuwar babanmu, sai da na riƙe baki. Tumbinsa ya riga shi shigowa gida.

Babanmu maharbi ne. Ya bar kwari da baka, kuma a gidanmu ba a gadonsu daga zaune. Mai son riƙe su sai ya bi maharba farautar rani, wadda ake kwana da kwanaki a kan tsauni, kowa da gorar ruwansa da garinsa a baya, ya je ya dawo da ƙafarsa. In Deli ya kasa, baka ya koma hannun ɗan ƙanin babanmu, ya bar ɗakinmu ke nan. Ni dai abin nan ya hana ni sakat.

Baba Teri, shugaban maharba kuma aminin babanmu, ya dubi Deli sama da ƙasa.

"Ɗana, wannan randar da ka ɗauko, ta ruwa ce ko ta giya? In ka faɗi a can sama, wa zai ɗauko mana kai?"

"Baba, a ba ni zuwa rani," in ji Deli.

Ya ɗinka wata jaka mai kauri da maɗauri biyu. Kowace safiya sai ya cika ta da duwatsu a gindin tsauni, ya hau har ƙololuwa, ya juye, ya sauko yana kaɗa hannu. Da farko a rabin hanya nake samunsa, a zaune, yana huci kamar zugazugin maƙeri. Mata masu itace su wuce shi da kaya niƙi-niƙi suna cewa, "Sannu tela! Ko a turo ka?" Bai kula su ba. Ya bar giya, ya rage tuwo. Sannu a hankali randa ta fara janyewa, har ya rage ƙugun wandonsa da kansa yana ta washe baki.

Sai ga Inna Masi, tsohuwar da gonarta ke gindin tsaunin, ta faɗo mana gida da ƙotar fartanya.

"Kuve!" ta ƙwala mini kira. "Ina ɗan birnin nan naku? Ya cinye mini gona!"

Ashe zaman Marwa ya mantar da sakaran cewa a nan kowane dutse da mai shi. Jerin duwatsun da ke tare ƙasar gonarta, don kada ruwan damina ya wanke ta, shi yake ta ɓanɓara yana kaiwa sama.

"Haba Inna, duwatsu ne fa kawai," in ji Deli.

"Kawai? Kakar mijina ce ta jera su da hannunta! Na san kowanne kamar yadda na san haƙorana."

"Ai ba su da yawa, Inna."

Ƙotar nan a gadon bayansa ta sauka. Ta ce ya sauko mata da abinta kaf, ya mayar inda ya ciro.

To fa, aiki ya juya. Yanzu hawa yake yi ba kaya, ya sauko da kaya, kuma nan ya gane bai san komai ba. Gwiwa ta dinga rawa, cinya ta yi tsami, sai da ya koyi takawa a karkace, gajere-gajere. Inna Masi tana tsaye a ƙasa tana dubawa. Wani dutsen ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, mayar da shi." Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Rani ya yi, suka tafi. Maharban ne suka ba mu labari daga baya. Deli bai kashe ko ɓera ba. Ya auna rema, kibiya ta sami dutse. Ranar dawowa Baba Teri ya zame ya gurɗe ƙafa tun a can sama. Kowa bayansa cike da naman gada, Deli kaɗai ne bayansa ba komai. Ya durƙusa ya ce, "Hau, Baba."

Muna gindin tsauni muka hango su, yana takowa a karkace, gajere-gajere, tsoho a goye yana ta masifa: "A hankali, ɗan banza, ni ba buhun gero ba ne!"

Da ya sauke shi a bakin gona, Inna Masi ta ce, "Wannan ma ba nawa ba ne." Aka kwashe da dariya. Baba Teri bai yi ba. Ya sa aka miƙo masa bakan babanmu, ya rataya wa Deli a kafaɗa.

"Ni na tambaya wa zai ɗauko mana kai, ga shi kai ka ɗauko ni," in ji shi. "Je ka kai shi ɗakin ubanka."

Ni na riga shi gida, ina kuka ina share turken da babanmu yake rataye shi.